Injin Niƙan Gahawa Na Hannu: Riba Ce Ko Ɗaukar Dala Ba Gammo?

Hausa na da wadatar kalmomi game da kayan da wani ya riga ya yi amfani da su. Akwai gwanjo, akwai na hannu, akwai ɗan Kwatano, akwai Beljiyam, ga kuma tokumbo da muka aro daga Yarabanci. Masu nazarin harshe sun san cewa al'umma ba ta tara sunaye a kan abu sai in abin ya shiga rayuwarta sosai. Mota da firiji da kwamfuta duk mun saba sayensu ta wannan hanya. Yanzu kuma wani sabon baƙo ya shigo sahu, wato injin niƙan gahawa irin na kantunan shan kofi, wanda wasu ma'aikata da malaman jami'a da likitoci ke nema domin haɗa esfireso a gidajensu. Ra'ayina shi ne sayen irin wannan inji dabara ce mai kyau, amma ga wanda ya san abin da yake saya kawai. Ga wanda bai sani ba, cinikin biri ne a sama.

Bari mu fara da sanin mene ne esfireso, domin a nan hujjar take. Kalmar ta Italiyanci ce, kuma tana ɗauke da ma'anar matsewa da kuma yin abu nan take domin wanda ya nema. Ita kuwa gahawa daga Larabci muka samo ta, daga wannan tushe ne kuma, ta hanyar Turkanci, Turawa suka samo kalmar da ta dawo mana da sunan kofi. A 1884 Angelo Moriondo ya yi rajistar wata na'urar dafa gahawa da tururi a birnin Turin, Luigi Bezzera ya inganta ta a Milan a 1901, sannan bayan Yaƙin Duniya na Biyu Achille Gaggia ya fito da na'ura mai hannun dannawa, wadda ta samar da kumfar nan mai ruwan zuma da ake gani a saman kofin. A yau abin da ake kira esfireso shi ne a tura ruwan zafi, wanda bai kai ga tafasa ba, ta cikin dunƙulen garin gahawa da matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa kusan sau 9, cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Mafi yawan masu haɗawa a yanzu kan zuba gari giram 18 su sami ruwan gahawa kimanin giram 36.

Mai karatu zai lura cewa a wannan lissafi garin ne kaɗai ke tare ruwan. In ya yi tsaki-tsaki, ruwa zai wuce cikin daƙiƙa 10, a sami abu mai tsami salam. In ya yi laushi fiye da kima, sai ya toshe, a sami ɗaci kamar maɗaci. In kuwa rabinsa tsaki ne rabinsa ƙura, ruwa zai fasa hanya ta wuri mai rauni ya bar sauran, a haɗa tsami da ɗaci a kofi guda. Saboda haka ne masana wannan sana'a suka haɗu a kan cewa injin niƙa ya fi na'urar dafawar muhimmanci. Abin takaici, da yawa daga cikin masu sha'awa suna juya wannan ƙa'ida. Sai mutum ya zuba maƙudan kuɗi a kan na'ura mai ƙyalli da za ta burge baƙo a falo, sannan ya niƙa ƙwayar a bilenda, wadda sara take yi ba niƙa ba. Daga nan sai ya ɗora laifin a kan gahawar.

Injin niƙa na gaskiya yana aiki ne da faifai biyu na ƙarfe masu haƙora, ɗaya a tsaye ɗaya na juyawa, kusan yadda farantan injin markaɗe suke, sai dai tazarar da ke tsakaninsu ana daidaita ta da ma'aunin da bai kai kaurin silin gashi ba. Yin wannan da kyau na buƙatar ƙarfe mai nauyi da mota mai ƙarfi, abin da ya sa sabo yake da tsada. Tun daga watan Yunin 2023 da aka saki Naira ta nema wa kanta daraja a kasuwa, duk abin da ake shigo da shi ya ƙara nisa da aljihun mai albashi. A nan ne na hannu ya zama abin dubawa.

Ɗauki misalin Super Jolly na kamfanin Mazzer da ke kusa da birnin Benis a Italiya, wanda yana cikin injinan da suka fi yawa a kasuwar na hannu a duniya, domin kantuna sun daɗe suna amfani da shi suna sauyawa. Faɗin faifansa milimita 64 ne, motarsa wat 350, nauyinsa kusan kilo 14. Ana ƙiyasta cewa faifansa kan niƙa wajen kilo 400 kafin su dakushe. Kantin da ke niƙa kilo 2 a rana zai cinye su cikin kwana 200. Magidancin da ke shan kofi biyu a rana, wato giram 36, abin da zai niƙa a shekara bai wuce kilo 13 da ɗoriya ba, don haka sababbin faifai za su kai shi shekara 30. Ma'ana, injin da ya gaji da hidimar kanti, in aka sauya masa faifai, zai iya yi wa gida aiki har 'ya'ya su gada. Kayan gyaransa kuma ana samunsu har yau. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Bahaushe.

To sai dai wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. An ƙera waɗannan injina ne domin wurin da ake niƙa ba ƙaƙƙautawa, kuma abin da yake ado a kanti yakan zama aibi a gida. Mazubin ƙwayar da ke samansa yana ɗaukar fiye da kilo guda, amma ƙwayar da aka bari a ciki mako biyu a zafin Kano ko Sakkwato ƙamshinta zai gudu. Tsofaffin samfura suna da wani akwati a gaba da ke tara gari, ana jan hannu yana zubo da shi kashi-kashi, wanda aka yi domin mai sallamar layin mutane. Bugu da ƙari, a kowane niƙa akwai giram da dama da ke maƙalewa a maƙogwaron injin. A kanti ba a damu ba, domin niƙa na gaba zai turo shi bayan minti ɗaya. A gida kuwa, garin jiya ne zai fara faɗowa cikin kofin yau, alhali niƙaƙƙiyar gahawa tana fara rasa ƙamshi cikin mintoci. Maganin wannan sananne ne: a cire mazubin, a auna ƙwayar kofi ɗaya a zuba, a share maƙogwaron da ƙaramin buroshi bayan an kashe injin. Aiki ne na kullum, kuma wanda ba shi da haƙurinsa gara ya sani tun kafin ya biya.

Matsala ta biyu ta fi shafarmu, ita ce ta wuta. Wutar gida a Nijeriya da Nijar bolt 220 zuwa 230 ce, kamar ta Turai, ta Amurka kuwa 120 ce. Injin da ɗan'uwa ya aiko daga Amurka, in aka jona shi kai tsaye, ƙonewa zai yi, sai an haɗa shi da taransifoma mai ƙarfin da ya ɗara buƙatarsa. Wasu manyan samfura ma an yi su ne domin wuta mai layi uku irin ta masana'antu, wadda yawancin gidaje ba su da ita. Haka nan irin wannan mota takan ja wuta ninkin-ba-ninkin a lokacin tashi, ta yadda ƙaramar inbata ko ƙaramin janareta kan iya kasa tayar da ita. Duk waɗannan bayanai suna rubuce a ɗan allon ƙarfen da ke jikin injin. Karanta shi ba ya cin minti ɗaya, rashin karanta shi kan ci kuɗin gaba ɗaya.

Wanda ya ƙudurta saye, to ya sa a kunna injin a gabansa babu komai a ciki. Lafiyayye yana tashi nan take da ƙara mai santsi. In ya tsaya yana gurnani bai juya ba, galibi kafasita ce, gyaranta mai sauƙi ne. In yana kuka ko karkarwa, boris ne ko kuma sandar juyawar ta lanƙwashe, wannan kuwa a bar wa mai shi kayansa. Sai a zare fulogi, a warware zoben saman a dubi faifan. Mai kaifi yakan kankare farce in an goga a hankali, dakusasshe kuwa zamewa yake. Dakushewa ba dalilin fasa ciniki ba ne, dalilin neman ragi ne. Amma in zoben daidaitawar yana cijewa ko ya hau karkace, injin ya rasa abin da ya sa ake nemansa. Bayan an kai gida, a tsabtace shi da buroshi ba tare da ruwa ya kusanci motar ba, domin tsohon man gahawa da ya daskare yana da ɗoyi. Kada kuma a niƙa citta ko kanumfari a ciki, komai son mutum da gahawa mai yaji. Wannan aikin turmi ne, kamar yadda 'yan'uwanmu mazauna Sudan ke daka kayan jabanarsu.

Adalci ya wajabta a ambaci hujjar masu cewa zamanin wannan dabara ya wuce. Shekaru ashirin da suka gabata, mai son esfireso na ƙwarai a gida kusan ba shi da zaɓi sai injin kanti. A yanzu akwai injinan da aka ƙera musamman domin niƙa kofi ɗaya-ɗaya, irin su Niche Zero na Ingila da DF64 na ƙasar Sin, waɗanda ba sa riƙe gari sosai. Akwai kuma na juyawa da hannu masu inganci, kamar 1Zpresso na Taiwan, waɗanda ba ruwansu da ɗauke wuta. Ga mai shan kofi ɗaya da safe, ni ma na juyawa da hannu zan ba shi shawara. Amma ga gidan da ake yawan baƙi, ko ofishin da mutum biyar ke sha, tsohon injin kanti na da fifikon da sababbin ba su riga sun tabbatar ba, wato daɗewa da sauƙin gyara. Babu kwamfuta a cikinsa, mota ce da makunni, abin da duk mai gyaran injin markaɗe ko famfon ruwa zai gane.

Akwai kuma wata fa'ida da ta wuce ɗakin girki. Mafi yawan kofin da ake sha a teburin mai shayi na gwangwani ne da na leda, mai narkewa. Alhali a tsaunin Mambila na Jihar Taraba ana noman gahawa nau'in Arabika, wadda asalinta Habasha ne. Wanda bai da injin niƙa ba shi da abin da zai yi da ƙwayar manomin Mambila. Wanda yake da shi kuwa ya zama mai saye, kuma mai bambance mai kyau da maras kyau, irin mai sayen da ke sa manomi da mai suya su kyautata aiki. Sharaɗi ɗaya ne, a tsince ƙwayar da kyau kafin a zuba, domin tsakuwa guda na iya karya haƙoran faifan.

Saboda haka, ga mai tambaya ko ya saya, amsar ita ce ya saya, muddin ya karanta allon wutar, ya ji ƙarar injin da kunnensa, ya sa kuɗin sababbin faifai a lissafi, kuma ya yarda da ɗawainiyar shara ta kullum. Wanda ya ga waɗannan sun yi masa yawa, babu laifi ya tsaya a kan na juyawa da hannu, ko ma tukunya da turmi, waɗanda mutanen Habasha da Yaman suka shafe ɗaruruwan shekaru suna shan gahawa mai daɗi da su. Abin gudu kawai shi ne mutum ya kinkimo kilo 14 na ƙarfe don a ce yana da shi, ya ajiye yana tara ƙura. Allah Ya sa mu dace.