Wa Ya Ce Zango Ba Shi da Labari?

Kwanan baya wata yarinya daga Kumasi ta turo mini babi uku na littafin da take rubutawa a waya. Alƙalaminta na da kaifi. Sai dai jarumarta 'yar Nassarawa ce a Kano, saurayin kuwa ɗan minista a Abuja, garuruwan da marubuciyar ba ta taɓa taka ƙasarsu ba. Da na nemi dalili, sai ta ce wai Hausar Zango ba ta rubutuwa, Kanawa dariya za su yi mata. Ba ita kaɗai ke faɗin haka ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mu fara da dariyar. Gaskiya ne a bakinmu "ya" da "ta" sun gauraya, muna cewa mace ya zo, muna tsarma Twi da Turanci. To sai me? Mai ƙaga labari ba malamin nahawu ba ne. Muryar mai ba da labarin tana iya bin daidaitacciyar Hausa, amma idan tsohuwa mai sayar da koko a Nima ta buɗe baki, a bar ta ta yi magana yadda Allah ya hore mata. Wanda ya ara mata bakin Kano ya yi mata ƙarya, mai karatu kuwa yana gane ƙarya tun a shafin farko.

Sa'annan wai ba mu da gadon rubutu. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, a Salaga da Kete-Krachi ya zauna yana rubuta Hausa da ajami har rasuwarsa a 1934, shekara guda bayan gasar Zariya da ta haifi Ruwan Bagaja. Labari kuwa jibge yake: ga fataken goro, ga yaƙin basasar Salaga na 1892 da ya watsa garin, ga dokar Busia ta 1969 da ta ba baƙi mako biyu su tattara, aka rabu da gidaje da shaguna a wulaƙance, miji ya tafi mata ta zauna. Mohammed Naseehu Ali ya ɗebi rayuwar Zangon Kumasi a The Prophet of Zongo Street a 2005, Ayesha Harruna Attah ta ɗebi Salaga a 2018, dukansu da Turanci. Madalla da su. Amma kakar da ta ga 1969 da idonta ba za ta ji ko kalma ba idan jikarta ta karanta mata.

Masu tambayar me za a samu, kuɗi dai kaɗan ne, kada a ruɗi kowa. Ribar tana zuwa ne ranar da ka karanta wa mahaifiyarka babi, ta tsayar da kai ta ce ba haka aka yi ba, sa'annan ta gyara zama ta ba ka abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Na mayar wa yarinyar babinta, na ce ta bar ɗan ministan nan ya huta, ta tambayi kakarta su wa suka tafi a 1969 ba su dawo ba. Ina jiran babi na huɗu.