RA'AYINMU: Tonga da 'Ya'yanta na Ƙetare

Da yawa daga cikinmu sai sun sha wahala kafin su gano Tonga a taswira. Tarin tsibirai ne kimanin 170 a kudancin Tekun Fasifik, mutanensu ba su wuce dubu ɗari da 'yan kai ba, sun kuwa zauna ƙarƙashin inuwar Birtaniya tun daga 1900 har zuwa 1970. To, wannan 'yar mitsitsiyar ƙasa ce ta girgiza manya a wasan zari-ruga irin na mutum 13, kuma muna ganin al'amarin ya isa a tsaya a duba shi da idon basira.

A gasar cin kofin duniya ta 2017, Jason Taumalolo, wanda aka haifa a birnin Auckland, ya kuma taɓa sa rigar Niyu Zilan, ya ce shi kam ƙasar iyayensa zai yi wa wasa. Andrew Fifita ya bar Ostareliya saboda wannan dalili, wasu kuma suka bi sahunsu. Sun san sarai cewa abin da Tonga za ta iya biyansu bai taka kara ya karya ba in an gwada da na manyan ƙasashen, amma suka tafi. A Hamilton suka ka da Niyu Zilan 28 da 22. A wasan kusa da na ƙarshe da kyar Ingila ta sha, 20 da 18, filin kuwa ya yi ja wur da tutocin Tonga, Sarki Tupou na 6 yana cikin 'yan kallo.

Akwai masu gunaguni cewa wannan ƙungiyar aro ce, tun da galibin 'yan wasan ba a tsibiran suka tashi ba. Mu ba mu yarda da wannan magana ba. Neman abinci ne ya fitar da iyayensu, ba ƙin gida ba, kuma kuɗin da mazauna ƙetare ke aikowa ya haura kashi ɗaya cikin uku na arzikin ƙasar. Ashe za a karɓi guminsu a ambulan, sa'an nan a ce ba su isa sa riga ba? Shekara da shekaru manyan ƙasashen nan suna cika ƙungiyoyinsu da 'ya'yan tsibirai, ba mu ji mai tsegumi ba sai da ruwa ya koma inda ya fito.

Inda gizo ke saƙa shi ne gida. A 2019 hukumar wasan ta Tonga ta sallami mai horarwa, Kristian Woolf, 'yan wasa suka ce in babu shi su ma babu su. Sai da hukumar duniya ta dakatar da ta ƙasar, yaran suka shiga fili da sunan ƙungiyar gayyata. A cikin wannan ruɗani ne fa suka ci Birtaniya 14 da 6, bayan mako guda suka ci Ostareliya 16 da 12 a Eden Park. Abin kunya ne ga masu riƙe da kujeru a ce nasara mafi girma a tarihin ƙungiyar ta zo suna dakace.

Akwai kuma abin da murna ba za ta ɓoye ba: duk wasannin nan da muka ambata a Niyu Zilan aka yi su. Yaron da ke Nuku'alofa a talabijin ya ga jarumansa. Samowa ta kai wasan ƙarshe a 2022, Tonga ta sake ka da Niyu Zilan 25 da 24 a 2024, saboda haka ba sauran mai cewa dace ne. Muna kira ga hukumar duniya da ta daidaita ladan 'yan wasa tsakanin manya da ƙanana, ta kuma sa Ostareliya ta ɗauki jakarta ta je ta yi wasa a Nuku'alofa.