Shugaban Runduna da Hannun Mayaƙansa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. Bayan haka:

Wani ɗalibina mai son shiga soja ya tambaye ni, "Malam, da me ake gane shugaban yaƙi na ƙwarai?" Ya ɗauka jarunta zan ce. Jarunta kam dole ce, amma ni abin da nake fara dubawa shi ne, in ya ce wa mayaƙansa su bari, suna bari?

Ba sai mun tafi nesa ba. A 1804 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, ya jagoranci jama'ar Shehu a Tabkin Kwatto, sunka kori rundunar Yunfa Sarkin Gobir alhali su ne 'yan kaɗan. A 1805 jama'a ta yi yawa, anka fita daga Gwandu don tarbar Gobirawa da Azbinawa. A hanya sai mayaƙa sunka faɗa wa garin Kwalda, garin da ke cikin amana, sunka washe shi. Muhammadu Bello ya tsaya hana su, saura kaɗan su kashe shi, mutanensa fa! Shi da Malam Abdullahi sunka so a koma gida, ba a bi shawararsu ba. A Alwasa anka gamu, jama'a ta sha mummunan kashi, har abokan gaba sunka biyo su Gwandu. Duk wanda ya karanta Sira zai tuna Uhudu, ranar da mafi yawan maharba hamsin sunka sauko daga dutse saboda ganima.

Irin wannan kwaɗayi ne ya sa Malam Abdullahi ya bar runduna a 1807 da niyyar Makka, sai Kanawa sunka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake riƙon jama'a.

To, ya 'yan'uwa, na ce wa yaron nan, in Allah Ya ba shi igiya a kafaɗa, jarrabawarsa tana bakin shingen hanya ranar kasuwar Jega, sa'ad da motar albasa ta taso daga Aliero. In ya kau da kai yaransa sunka karɓi na direba, gobe bakinsa ya mutu a gabansu. Shi kuwa talakan da anka tatsa, ko ya ga inda 'yan bindiga sunka kwana, ba zai zo ya faɗa ba.

Wassalam.