SHARHI: Yaron da ake kira “marar ji” da dokar da ba ta isa gidansu ba

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. An yaba da matakin, kuma ya cancanci yabo. Sai dai har yau dokar ba ta sauya komai ba ga uwar da ake kira makaranta duk mako saboda ɗanta ya kasa zama a benci.

Likitoci na kiran wannan lalura ADHD: rashin iya tattara hankali wuri guda, yawan motsi, da aikata abu kafin tunani. Bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna tana shafar kimanin kashi 5 cikin 100 na yara, kuma gado ne ke da kaso mafi girma a cikinta, ba sakacin iyaye ba. Ba kowace ƙiriniya ce lalura ba. Sai alamun sun bayyana kafin shekara 12, sun ɗauki aƙalla wata shida, kuma an gan su a gida da makaranta.

Wa zai tantance? Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200, kuma asibitocin ƙwararru irin na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da na Maiduguri sun yi wa yawancin iyaye nisa. Abin da ke kusa shi ne bulala, sannan zargin aljanu, daga ƙarshe gidan mari. Samamen da 'yan sanda suka kai Rigasa a Satumbar 2019, inda aka kuɓutar da mutane kusan 300, wasu da sarƙa a ƙafa, ya nuna inda gajiyar iyaye kan kai yaron da aka yi wa laƙabin kangararre.

Abin takaicin shi ne taimakon farko ba mai tsada ba ne. Ga yaran da ba su kai shekara shida ba, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a fara da horar da iyaye kafin magani: umarni ɗaya a lokaci guda, tsayayyen lokacin barci da karatu, raba aiki gutsure-gutsure, da yabo nan take idan yaro ya yi daidai. Maganin Ritalin na aiki, amma yana ƙarƙashin tsattsauran iko, kuma sai da sa hannun likita.

Tsarin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya ya tanadi yadda ma'aikacin ƙaramin asibiti zai koyar da iyaye wannan. Ƙananan asibitoci da makarantun firamare kuwa suna hannun jihohi da ƙananan hukumomi ne. Saboda haka gwamnoni ya kamata a tambaya, lokacin da suke gabatar da kasafin kuɗi, nawa suka ware don wannan horo.