Kwamfutar tsoho: guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni

Jama'a masu karatu, a wannan mako ina roƙonku ku yi mini uzuri in bar maganar manya da kujerunsu, in kawo muku wata magana ta cikin gida, wadda in aka dube ta da idon basira za a tarar ita ma maganar ƙasa ce.

Mahaifina tsohon mushen lakwal ne. Ya yi shekara talatin da ƴan kai riƙe da alli, daga ƙauyukan Magarya da Matamaye har ya dawo Damagaram ya yi ritaya. Rubutunsa na hannu har gobe abin kallo ne, to amma zamani ya juya, takardar hannu ta rasa daraja a ofisoshi da yawa, kowace wasiƙa sai an buga ta da inji. Saboda haka duk lokacin da wata buƙata ta taso, ko ta fansho ko ta kwamitin masallacin unguwa da yake yi wa magatakarda, sai ya ɗauki sandarsa ya nufi wani shagon buga takardu a bakin kasuwa, ya zauna bisa benci yana jiran wani yaro sa'an jikansa ya gama da na gabansa. Wata rana abin da ya kai wasiƙa ce a kan rabon gonar gado tsakaninsa da ƴan'uwansa. Kafin wasiƙar ta isa hannun mai ita, maganar ta riga ta isa fadar samarin unguwa, ana shan shayi da ita. Da daddare ya kira ni, ya ce: "Kai yaro, ni na koya wa ɗaruruwan yara rubutu, ga shi yau ni ne ba ni da alƙalami." Ban sami abin ce masa ba sai "Allah ya huci zuciyarka, Baba," amma a ranar na ƙudura zan haɗa masa kwamfuta tasa ta kansa.

Ra'ayin da nake son karewa a nan shi ne: wanda duk Allah ya hore wa ɗan hali, kuma yake da uwa ko uba mai karatu da rubutu, ya kamata ya haɗa masa kwamfutar tebur daidai buƙatarsa, da kayan da za a iya gyarawa a garin da yake zaune. Ma'aunin inji guda biyu ne, aikin da mai shi zai yi da shi, da kuma ko akwai mai gyaransa in ya lalace. Sauran duk ado ne da daɗin bakin ƴan kasuwa.

Mu fara da aikin. Mene ne dattijo zai yi da inji mai ƙwaƙwalwa? Zai buga wasiƙa, ya riƙe lissafin kwamiti ko na adashi, ya karanta labarai, ya saurari karatu da wa'azi, ya ga fuskar ɗansa da ke ci-rani a Kumasi ko Abija, ya adana hotunan jikoki. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke neman inji mai tsada. Wanda ya sayo wa tsohonsa irin kwamfutar da samari ke wasanni da ita, mai fitilu kala-kala da katin hoto na musamman, ya yi kamar wanda ya sayo ingarman doki don kai tsohuwa rijiya.

Hanya mafi sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce ya nemi gangar jikin kwamfutar ofis ta hannu, irin su Dell OptiPlex, HP ProDesk ko Lenovo ThinkCentre, waɗanda kamfanonin Turai da Amurka ke sallama bayan ƴan shekaru, sannan ya sabunta abin da ya gaji a ciki. Abin farko da zai duba shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin. A nan ne ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Mai shago zai nuna maka tambarin "i7" ya ce ai babu sama da shi, alhali abin lura shi ne lambar farko da ke bayan ɗan layi. Core i7-4770 zubi na huɗu ne, na shekarar 2013. Core i3-8100 kuwa zubi na takwas ne, na 2017, kuma shi ya fi dacewa da kai. Dalili shi ne kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, shi kuwa Windows 11 ba ya karɓar injinan Intel na yau da kullum sai daga zubi na takwas zuwa sama, tare da ɗan makullin tsaro da ake kira TPM 2.0. Wanda ƙarfinsa bai kai nan ba kada ya yanke ƙauna: tsohon inji yana tafiya lafiya lau da Linux Mint, wanda kyauta ne, kuma yana zuwa da LibreOffice na buga takardu da lissafi.

Abu na biyu shi ne RAM. Ku ɗauke ta kamar tabarmar da ɗan kasuwa ke baza hajarsa a kai: in ta yi ƙanƙanta, sai ya yi ta kwashewa yana sake bazawa, ciniki ya yi ta jinkiri. Giga 8 ta ishi dattijo. Tun ƙarshen 2025 farashinta ya hau a kasuwannin duniya, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe ta, don haka babu dalilin sayen abin da ya wuce buƙata. Abu na uku shi ne ma'ajiya, wato rumbun injin. A nan kam kada a yi rowa. A cire tsohon faifai mai juyawa, a sa sabuwar SSD mai giga 256 ko 500. Ba ta da abin da ke motsi a cikinta, kuma ita ce ke sa injin da ke ɗaukar minti biyu kafin ya farka ya koma tashi cikin daƙiƙoƙi. A canza ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke kan babban allo, CR2032, wanda ke riƙe kwanan wata, a goge busasshen man da ke kan furosesa a shafa sabo. Duk wannan aikin sukuddireba ɗaya ne da yammaci ɗaya.

Kuɗin da ka tsimin daga gangar jiki, ka zuba shi a wuri biyu. Na farko abin da idon tsoho da hannunsa za su taɓa: allon kallo mai faɗi, inci 22 ko 24, da allon haruffa mai manyan baƙaƙe irin tsarin AZERTY da ya saba da shi tun zamanin tafireta. Na biyu kariya daga wuta. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke layin lantarkin da ke ba ƙasarmu kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da take sha, garuruwa suka kwana cikin duhu har aka ɗage takunkumi a 2024. Ko a lokacin lafiya, wutarmu ta bazara tana zuwa tana komawa, wani sa'in ta dawo da ƙarfin da ke ƙona kaya. Akwatin batirin nan da masu gyara ke kira ondilar zai ba dattijo ƴan mintocin da zai adana aikinsa ya kashe injin cikin natsuwa. Ni kusan sulusin kuɗina a nan ya tafi, kuma ban yi nadama ba. Sai kuma zafi da ƙura: a ɗora injin bisa tebur, nesa da ƙasa da taga, a rufe shi da ƙyalle in an kashe, a buɗe shi a hure ƙurar hunturu ko da sau biyu a shekara.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu abin saurare ce. Na farko za su ce ai salula ta wadatar. Ta wadatar ga gaisuwa da saƙon murya, amma ku ba mai shekara saba'in, wanda idonsa ya fara hazo kuma yatsunsa suka yi nauyi, ya rubuta wasiƙa mai shafi biyu a kan gilashin da bai kai tafin hannu ba, ku ga yadda za a ƙare. Na biyu za su ce kwamfutar tafi-da-gidanka ta fi, tun da tana da batirinta. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ga wanda ke ƙauyen da layin lantarki bai kai ba, yana dogaro da allon hasken rana, na yarda ita ce daidai. Amma ga mazaunin gari, a tuna cewa batirinta ba ya jure zafin Afrilu da Mayu, allonta ƙarami ne, yawancin kayan cikinta a manne suke, in abu ɗaya ya mutu sai a yi ta jiran saƙo daga Kano ko Dubai. Ta tebur kuwa, in akwatin wutarta ya ƙone, a cire shi a sa wani. Ga kuma wata fa'ida da duk mai gida ya sani: abin da ke da hannun ɗauka, jikoki za su ɗauka. Ta tebur tana nan inda aka girke ta, ta Baba ce.

Na uku za su ce araha ba ta ado, kayan hannu shara ce da Turawa ke zubo mana. A nan ma akwai ƙamshin gaskiya, kuma a nan ne maganar ta fita daga zaure ta shiga fagen hukuma. Tun 1991 ƙasashen Afirka suka sa hannu kan yarjejeniyar Bamako da ta haramta shigo da shara mai guba cikin nahiyar. Matacciyar kwamfuta, da darmar da ke cikinta da sauran ƙarafa masu cutarwa, shara ce. Wadda ke aiki kuwa, mai shekara shida ko bakwai, dukiya ce ga talaka. Aikin hukuma ne ta rarrabe tsakaninsu a bakin iyaka, aikin mai saye kuma kada ya ba da ko dala sai an kunna injin a gabansa ya ga sunan furosesa da idonsa.

Waɗanda suka yi wayo a 1994 suna tuna daren Janairun da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, aka wayi gari duk abin da ke zuwa daga waje ya ninka. Abin da ya ceci mutane a lokacin shi ne masu gyara: mai rediyo, mai keke, mai agogo, bakanike. Yau ma, tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023 kaya suka koma bin doguwar hanyar Lome ta Burkina Faso, darasin bai canza ba. Ƙasar da ba ta da teku, ba ta ƙera waɗannan injina, ƙarfinta yana ga iya tsawaita ransu. Saboda haka ina kira ga mahukunta da abu uku. A sassauta kuɗin duwan a kan kayan gyara, irin su RAM da SSD da akwatin wuta, domin gyara ya fi sayen sabo sauƙi. A ba koyon haɗa kwamfuta da gyaranta matsayinsa a cibiyoyin koyon sana'a na kowace jaha, domin kowane yaron da ya iya wannan aiki ya rage mutum ɗaya a zaman fada. Sannan idan ma'aikatun gwamnati za su yi sayayya, su auna da ma'aunin da talaka ke aunawa da shi. Sakataren da aikinsa buga wasiƙa ne, injin da ya ishi mahaifina ya ishe shi, kuma rarar kuɗin ta al'umma ce.

Akwai kuma maganar harshe. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, kuma tun 1999 aka tsaida ƙa'idar rubuta ta a Nijar, da baƙaƙenta masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Windows yana da tsarin haruffan Hausa a cikinsa, kunna shi kawai ake yi. Su wa suka fi cancanta su rubuta wannan harshe in ba dattawan da suka san asalin unguwanni, da sunayen gonaki, da salsalar gidaje ba? Kowane ɗayansu da ya koma ga Allah da abin da ke kansa, an yi hasarar da ba ta da mayewa.

Amma ina gargaɗin ƴan'uwana ƴaƴa: girka inji rabin aiki ne. Ka ƙara girman rubutu, ka share komai daga fuskar allo sai abu uku ko huɗu da zai riƙa taɓawa, ka rubuta masa matakai a takarda da manyan baƙaƙe, ka riƙa kwafe ayyukansa a ƴar ma'ajiyar USB, ka ja kunnensa kada ya ba kowa lambar sirrinsa ko ya amsa saƙon da ke cewa ya ci wata kyauta. Sannan ka zauna da shi, ka yi haƙuri in ya tambaye ka abu ɗaya sau goma. Shi ma sau nawa ya maimaita maka baƙi da wasali bai gaji ba?

Mahaifina ya yi mako uku yana faɗa da linzamin kwamfuta. A na huɗu ya buga wasiƙarsa ta farko, zuwa ga ƙanensa, a kan maganar gonar nan, ya ninke ta da hannunsa ya sa a ambulan, babu wanda ya san abin da ke ciki sai su biyu. Yanzu kullum bayan la'asar yana kan teburinsa, yana jera sunayen makarantun da ya koyar da na ɗaliban da yake iya tunawa, shekara bi shekara.

Allah ya ba mu ikon kyautata wa iyayenmu tun suna raye, ya kuma ba shugabanninmu basirar auna kashe dukiyar jama'a da ma'aunin buƙata. Amin.