Burs na jiran ɗiyan makiyaya, mu ne ba mu turo su ba



Maganar yau ba za ta yi ma wasu daɗi ba, amma tilas a faɗe ta. Kullum muna kukan an noma burtali, an rufe mashaya, an ci mu tara ba bisa ƙa'ida ba. Kukan gaskiya ne. To amma in an je gaban alƙali, lauya nawa gare mu daga cikin ɗiyanmu? In ciwon huhu ya shiga garke, likitan dabbobi nawa ne ya tashi a rugga?

Dokoki dai akwai su. Dokar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma daga arewa. Dokar tsarin karkara ta fito a 1993. Ranar 20 ga Mayu 2010 aka sa hannu kan dokar kiwo, wadda ta ce yawon kiwo haƙƙin makiyayi ne. Duk a rubuce suke da faransanci, mu kuwa sai an karanta muna, kuma mai karantawa yakan tsallake layin da bai yi mashi ba. Wanda ya tuna abin da ya faru a Toda, cikin jihar Maraɗi, a watan Oktoba 1991, inda aka hallaka mutum fiye da 100, mafi yawansu mata da yara, ya san abin da rashin mai tsaya muku yake jawowa.

Uzurinmu na kullum shi ne karatun jami'a tsada gare shi. To ga hanya. A 2006 kamfanin Mastercard, mai katin biyan kuɗi, ya ware hannun jari ya kafa wata gidauniya mai cin gashin kanta a ƙasar Kanada. A 2012 gidauniyar ta buɗe shirin burs da dala miliyan 500, domin yara masu ƙoƙari waɗanda iyayensu ba su da hali, mafi yawa daga Afirka. Burinta ya kai matasa 100,000 kafin 2030. Tana biyan kuɗin makaranta, wurin kwana, littattafai da kuɗin kashewa. Cikin makarantun da ta yi yarjejeniya da su akwai jami'ar Ashesi da ta Kwame Nkrumah a Kumasi, duka a Gana, masu koyarwa da inglishi, da makarantar injiniyoyin ruwa ta 2iE a Wagadugu, mai faransanci. Ana ba ɗiya mata da waɗanda rikici ya raba da gidajensu fifiko. Ku dubi Tillaberi da Diffa, ku gaya muna wa rikici ya kora in ba mu ba.

Wasu dattawanmu sun ce kuɗin banki ne, ba su so. Burs kyauta ce, ba rance ba ne, babu ruwa a kanta, ba a karɓar jinginar ko akuya. Abin da ake so ga yaro shi ne ya koma ya amfani jama'arsa. Wasu sun ce lakwal na raba yaro da shanu. Farin 1973 da na 1984 sun raba gidaje da yawa da shanunsu, babu littafi ko ɗaya a ciki, kuma waɗanda suka tsira da mutunci sau da yawa masu ɗa guda ne mai albashi da ya sayo dusa. Mai ɗiya shida, in ya bar biyu suka ƙare karatu, garke bai rasa mai kora ba.

Inda muke faɗuwa sananne ne. Yaro ya kai ajin ƙarshe na lise, sai a kira shi tafiyar rani ana saura wata biyu jarrabawar bak. Yarinya ta fi kowa a aji, sai a ɗaura mata arme. Wani kuma ba ya da takardar haihuwa, don an haife shi a daji ba a kai sunansa meri ba. Babu jami'ar da ke karɓar dosiye babu wannan takarda.

Saboda haka muna kira. Kowane ardo ya rubuta sunayen ƴan lakwal na ruggarsa da suka kai lise, ya miƙa ma ƙungiya. Wanda ba ya da takardar haihuwa a kai shi wajen alƙali tun yanzu. Kowace jami'a ita ke buɗe lokacin neman burs ɗinta, kuma wajenta ake nema kai tsaye. Duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi ya samo muku gurbi, ɗan damfara ne.

Ku kuma fatake da dillalai, ba mu ƙyale ku ba. Kamfanin da bai taɓa ganin rugga ba ya fidda dukiyarsa don ɗiyan talakawa, ku da arzikinku ya fito daga bayan saniya me kuka fidda? Burs ba ta isar kowa, gasa ce mai zafi. Kuɗin bijimi guda a shekara daga kowane babban falke zai riƙe yaranmu na lise a birni har su rubuta bak, ya kuma ɗauki waɗanda ba su samu ba.

Mai nema yana tare da samu. Allah ya ba mu ikon gyarawa, amin.