Sharhi: Koyar da Turanci ko koyarwa da Turanci? Inda gizo ke saƙa a makarantun Najeriya

A watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar a Abuja cewa Gwamnatin Tarayya ta soke manufar koyar da yara da harshen uwa, ta kuma tsayar da Turanci a matsayin harshen koyarwa tun daga ajin share fage har zuwa jami'a. Matakin ya biyo bayan amincewar Majalisar Ilimi ta Ƙasa a taronta karo na 69 da aka gudanar a Akure, babban birnin Jihar Ondo. Hujjar da ministan ya bayar ita ce yawan faɗuwar ɗalibai a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, musamman a shiyyoyin da ya ce an fi rungumar koyarwa da harshen gida.

Tun daga lokacin ake ta ka-ce-na-ce tsakanin masu goyon bayan matakin da masana harshe da ke ganin an yi gaggawa. Sai dai ƙurar muhawarar ta rufe wata tambaya da ta fi damun iyaye: me ya sa yaro zai shafe shekara 12 yana ɗaukar darasin Turanci, daga firamare zuwa ƙarshen sakandare, amma ya kasa rubuta wasiƙa mai shafi ɗaya ba tare da kurakurai sun cika ta ba? Amsar tana cikin bambancin da ke tsakanin koyarwa da Turanci, wato amfani da shi wajen bayanin darasi, da koyar da Turanci, wato sa yaro ya mallaki nahawunsa da kalmominsa. Sanarwar gwamnati na iya tabbatar da na farko a rana ɗaya. Na biyu kuwa aikin shekaru ne na malami da littafi da jan biro.

Ƙofar da kowa zai bi

A Najeriya babu darasin da ya kai Turanci tasiri a kan makomar ɗalibi. Kafin a shiga jami'a sai an samu kiredit biyar, kuma Turanci na cikinsu. Ko da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sassauta sharuɗɗan shiga manyan makarantu a watan Oktoban 2025, ta ce kiredit a lissafi bai zama dole ba ga masu neman karatun fannin adabi da makamantansu, ba ta taɓa sharaɗin Turanci na shiga jami'a ba. A jarrabawar JAMB kuwa, tambayoyi 60 daga cikin 180 na Turanci ne, sauran darussa uku kowanne na da 40.

Abin da ya faru a 2025 ya ƙara fito da wannan nauyi fili. A ranar 28 ga watan Mayu ɗalibai a jihohi da dama sun rubuta takardar Turanci ta WAEC cikin dare da hasken tocila da fitilun waya, bayan jinkirin da hukumar ta danganta da ƙoƙarin hana satar tambayoyi, ta kuma nemi afuwa. Da aka fitar da sakamako a watan Agusta, kashi 38.32 cikin 100 na ɗalibai 1,969,313 ne kawai suka samu kiredit biyar haɗe da Turanci da lissafi. Bayan 'yan kwanaki hukumar ta amsa cewa an yi kuskure wajen duba tambayoyin zaɓi na Turanci, ta sake dubawa, adadin ya tashi zuwa kashi 62.96. Kuskure a takarda ɗaya ya kusa tsayar da ɗalibai kusan rabin miliyan a bakin ƙofa. Duk da gyaran, sakamakon bai kai na 2024 ba, lokacin da kashi 72.12 suka tsallake.

Abin da jarrabawar ke aunawa

Jarrabawar Turanci ta WAEC ta ƙunshi tambayoyin zaɓi kan kalmomi da ginin jimla, da insha'i, da auna fahimta, da taƙaita rubutu, da kuma gwajin furuci. Insha'in bai kamata ya gaza kalmomi 450 ba, kuma makinsa 50 ne: 10 na saƙon da ke ciki, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na kiyaye ƙa'idojin nahawu da rubutu. A wannan kashi na ƙarshe ana zaftare rabin maki a kan kowane kuskure, don haka kurakurai 20 sun isa su cinye shi baki ɗaya. Ke nan maki 30 daga cikin 50 sun rataya ne a kan nahawu da zaɓen kalma. Ɗalibi na iya zuwa da kyakkyawan tunani, harshe ya kayar da shi.

Rahotannin da manyan masu duba takardun hukumar ke fitarwa bayan kowace jarrabawa sun daɗe suna nanata ƙorafi iri ɗaya: rashin daidaita aikatau da mai aikatawa, rikita lokutan aikatau, kuskuren haruffa da alamomin rubutu, ƙarancin kalmomi, kwafe jimlolin nassi maimakon taƙaita su, da shigo da gajerun kalmomin saƙon waya cikin insha'i. Shawararsu ma ba ta cika sauyawa ba: ɗalibai su yawaita karatu, su yawaita rubutu.

Inda harshen gida ke karo da Turanci

Yawancin kurakuran ba na ganganci ba ne, kuma ana iya hango su tun kafin yaro ya yi. A Hausa, lokacin aiki yana bayyana ne a ɗan ƙaramin lafazin da ke gaban aikatau: ya tafi, zai tafi, yakan tafi. Turanci kuwa yakan sauya aikatau ɗin kansa, kamar go da went da gone, kuma da yawa daga cikin aikatau ɗin da aka fi amfani da su ba sa bin ƙa'ida ɗaya. Haka nan kowane suna tilo a Hausa namiji ne ko mace, mota mace ce, gida namiji, don haka wakilin suna it na abin da ba shi da jinsi baƙo ne ga ɗan Bahaushe. Ɗan Bayarabe da ɗan Ibo kuma matsalarsu ta juya: wakilin suna ɗaya ne a harsunansu ga namiji da mace, shi ya sa he da she ke rikice musu.

A ɓangaren furuci, Hausa na da wasula biyar masu gajarta da tsawo, sai tagwan wasula biyu, alhali Turancin Ingila da ake gwadawa a jarrabawa na da sautukan wasali kusan 20. Hausa ba ta jera baƙaƙe a farkon kalma, shi ya sa bread ya zama burodi, kuma ba ta bambanta sautin p da f yadda Turanci ke yi.

Kalmomi ma haka. Bahaushe yana jin magana, yana jin wari, yana jin yunwa, yana jin Larabci, duk da kalma ɗaya, Turanci kuwa na da kalma dabam ga kowanne. Yana shan ruwa, ya sha magani, ya sha wahala. Yaron da aka koya wa cewa ji shi ne hear kawai, zai rubuta cewa ya “hear” ƙanshin abinci, mai dubawa ya ja masa jan layi. Malamin da ya san harsunan biyu zai iya ware darasi guda a kan wannan, ya yi bayani da Hausa a cikin minti biyar, ya kawar da kuskuren da zai bi yaro har jami'a. A nan harshen uwa tsani ne na hawa zuwa Turanci.

Kalmomi nawa suka isa?

Binciken masanin harshe Paul Nation na ƙasar New Zealand ya nuna cewa mai karatu na buƙatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin da ke shafi kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba, kuma hakan na buƙatar sanin tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000 idan ana maganar jaridu da littattafan labari. Babu jerin kalmomin da za a rubuta a allo a haddace su kai wannan adadi. Kalma takan zauna a kai ne idan yaro ya ci karo da ita sau da yawa a wurare dabam-dabam, wannan kuwa sai ta karatu.

A nan ne tsarin koyarwa a makarantu da yawa ya gaza. Ana sa yara su rera ma'anar suna da aikatau da sifa da baki ɗaya, su kwafi bayani daga allo, a shekarar ƙarshe kuma a koma haddar tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Yaro zai kawo sassan magana takwas a ka, amma bai taɓa karanta littafin labari daga farko zuwa ƙarshe ba, bai kuma taɓa karɓar insha'insa da gyaran malami a kai ba. Sanin sunayen kayan gini bai mayar da mutum magini.

Abin da tarihi ya nuna

Muhawarar harshen koyarwa ta girmi wannan gwamnati. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yara da harshen uwa ko harshen yankinsu a farkon firamare, daga baya a koma Turanci. A watan Nuwamban 2022, zamanin Ministan Ilimi Malam Adamu Adamu, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a tsawaita hakan zuwa shekara shida. Wannan ce manufar da aka soke bayan shekara uku, kafin ko rukuni ɗaya na yaran da suka fara karatu a ƙarƙashinta su gama firamare.

Masu goyon bayan sokewar na da hujjojin da ba za a yi watsi da su ba. Najeriya na da harsuna sama da 500, yawancinsu ba su da littattafan lissafi ko kimiyya, ba su da malaman da aka horar. A birane irin su Abuja da Jos da Fatakwal, aji ɗaya kan tara yara masu harsuna barkatai. Jarrabawar ƙarshe kuma da Turanci ake yin ta.

Sai dai gwajin da ya fi shahara a ƙasar nan ya ba da darasi na dabam. A 1970 Farfesa Aliu Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka fara koyar da wani rukunin yara dukkan darussa da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma ya zama darasi mai zaman kansa a hannun ƙwararren malami. Yaran ba su gaza takwarorinsu da aka koma koya wa da Turanci ba, har ma sun zarce su a fannoni da dama. Abin lura a gwajin shi ne ba a yi sakaci da Turanci ba, an damƙa shi ne ga wanda ya iya koyar da shi. Rahoton Bankin Duniya na 2021 kan harshen koyarwa, wanda ya ƙiyasta cewa kashi 37 cikin 100 na ɗalibai a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki ana koya musu da harshen da ba su ji, ya zo da shawara mai kama da wannan: a fara koya wa yaro karatu da harshen da ya sani, a kuma koya masa harshe na biyu da tsari.

Malami shi ne ginshiƙi

Kowace manufa aka zaɓa, a hannun malamin aji za ta ƙare. A 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta sanar cewa malaman firamare 21,780 daga cikin kusan 33,000 sun kasa samun kashi 75 cikin 100 a gwajin da aka shirya daidai da matakin aji huɗu. Ƙungiyar malamai ta ƙalubalanci yadda aka yi gwajin, amma ya tilasta wa ƙasa duba wata gaskiya: malamin da Turancinsa ke rawa, idan aka umarce shi ya koyar da komai da Turanci, zai karanta daga littafi, yara su maimaita, sannan ya koma harshen gida ya yi bayani, ko ya bar su cikin duhu. Kurakuransa kuma su ne yaran za su gada.

Haka kuma ajin da ya tara yara 100 ba ya barin malami ya duba insha'in kowa ko da sau ɗaya a mako, alhali nahawu ba ya zama sai da rubutu da gyara da sake rubutu.

Abin da ya rage a yi

Tun da gwamnati ta yanke hukunci, nauyin da ke kanta shi ne ta cika shi da abin da zai sa ya yi aiki. Kwalejojin ilimi na buƙatar yaye malaman Turanci na ƙananan azuzuwa waɗanda suka san inda harshen yankinsu ke karo da Turanci. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta UBEC da takwarorinta na jihohi za su iya karkatar da wani kaso na kuɗinsu ga ƙananan littattafan labari da aka jera daga sauƙi zuwa wuya, tare da ware lokacin karatu a jadawalin kowace rana. Ya kamata kuma a fayyace wa malamai cewa yin bayani da harshen da yaro ke ji, domin ya gane ƙa'idar Turanci, ba laifi ba ne.

Iyaye ma na da rawar takawa ko da ba su jin Turanci. Uban da ke tambayar ɗansa ya karanta masa shafi ɗaya ya faɗi ma'anarsa da Hausa, yana gwada fahimtar yaron fiye da makin da ke cikin rahoton ƙarshen zango. Uwar da ke buɗe littafin aikin 'yarta ta ga ko akwai jan biron malami a ciki, ta san ko ana koyarwa ko zaman aji kawai ake yi.

Yaran da suka shiga aji ɗaya na firamare a ƙarƙashin sabuwar manufar sai bayan shekara 12 za su zauna jarrabawar WAEC. Ba sai an jira wannan lokaci ba kafin a gane ko an dace. Ma'aunin yana kusa: yaro ɗan aji uku, a Argungu ko Ogoja, ya buɗe littafi ya karanta sakin layi ɗaya, ya faɗi abin da ya fahimta, ya kuma rubuta jimloli biyar na kansa.